Ira Sankey, Mutumin da Ya Yi Wa'azi da Waƙa

Ya ku 'yan'uwa da kuka shigo hanyar Almasihu ba da daɗewa ba, da ku masu neman sanin wannan hanya, sau da yawa akan yi tambaya ko mene ne amfanin waƙa cikin sujada, da kuma irin halin da ya kamaci mai yin ta. A ƙasarmu mun saba da maroƙi mai wasa attajiri domin a yi masa kyauta, mun kuma san mai garaya a wurin bori. Saboda haka waɗansu sukan zaci kowace waƙa neman abin duniya ce. Ga labarin wani bawan Allah wanda rayuwarsa ta amsa wannan tambaya.

An haifi Ira David Sankey a shekara ta 1840 a jihar Pensilbaniya ta ƙasar Amurka. Yana da shekara 16 ya ba da gaskiya ga Ubangiji Yesu. Allah ya ba shi murya mai ƙarfi, mai daɗin ji, har ya zama shugaban mawaƙa a ikilisiyarsu ta garin New Castle. Ya yi aikin soja a farkon yaƙin basasar ƙasarsu a 1861, daga baya ya shiga aikin gwamnati a ofishin haraji. A 1863 ya auri Fanny Edwards, ɗaya daga cikin mawaƙan ikilisiya. Ga aiki, ga iyali, ga mutunci a gari. Ba abin da ya rasa.

A shekara ta 1870 ya tafi wani taron samari Kirista a birnin Indiyanafolis. A taron addu'a na safe waƙa ta yi sanyi, sai aka roƙe shi ya ta da wata. Mai jagorar taron shi ne Dwight Moody, mai wa'azi daga Shikago, wanda shi kansa bai iya waƙa ba. Da aka tashi, Moody ya neme shi ya bar aikinsa su yi aikin Bishara tare. Sankey bai yi gaggawa ba. Ya yi watanni yana tunani yana addu'a, gama barin albashi tabbatacce ba ƙaramin abu ba ne ga magidanci. A 1871 ya ajiye aikin gwamnati ya tafi Shikago.

Gwaji bai jima ba ya zo. A cikin watan Oktoba na wannan shekara, ran Lahadi da dare, suna cikin taro sai babbar gobara ta tashi a birnin. Ɗakin taron ya ƙone, majami'ar Moody da gidansa kuma suka ƙone. Sankey ya tsira cikin ƙaramin kwalekwale a kan tafkin da ke gefen birnin. Duk da haka bai janye daga kiran ba.

A 1873 su biyu suka ƙetare teku zuwa Ingila. Da suka sauka sai suka tarar waɗanda suka gayyace su sun rasu. Suka fara da 'yan mutane kaɗan a birnin York, aikin ya yi ta girma har zuwa 1875, sa'ad da dubban mutane suka riƙa taruwa a Landan. Ga yadda suke yi: Moody ya yi wa'azi, Sankey kuwa ya zauna gaban ƙaramin ogan, wato akwatin kiɗa da ake ba shi iska da ƙafa, ya rera waƙar da ta dace da wa'azin. Yakan furta kowace kalma sarai domin na bayan taro ya ji. A Sikotland akwai masu bi da yawa waɗanda ba su yarda da kayan kiɗa a majami'a ba, Zabura kaɗai suke rerawa. Bai rena su ba. Da suka ga natsuwarsa, suka kuma ji maganar Allah cikin waƙoƙinsa, da yawa suka sake tunani.

A 1874, cikin jirgin ƙasa daga Gilasgo zuwa Edinbara, ya ga wata rubutacciyar waƙa a jarida, ta wata mace mai suna Elizabeth Clephane wadda ta riga ta rasu. Waƙar tana kan misalin tunkiyar da ta ɓata, wanda ke cikin Luka sura 15. Ya yanke ta ya ajiye. A taron Edinbara, bayan an yi wa'azi a kan Makiyayi Mai Kyau, Moody ya roƙe shi ya yi waƙa. Ba ta da karin murya tukuna. Ya yi addu'a a zuciyarsa, ya ɗora takardar a kan ogan, ya sa mata murya nan take, kuma da wannan murya ake rera ta tun daga ranar.

Mutane suka so su sami waƙoƙin, sai aka buga su a ɗan littafi mai suna Sacred Songs and Solos a 1873. Daga baya ya kai waƙoƙi 1,200. Littafin ya kawo kuɗi mai yawa, a nan ne halin mutanen nan biyu ya bayyana. Suka danƙa kuɗin ga amintattu, aka yi aikin ginin majami'a a Shikago da shi, daga baya kuma aka taimaki makarantun da Moody ya kafa a Northfield.

Irin waɗannan waƙoƙi suka bazu cikin duniya. A tsibirin Jamaika har sunan Sankey ya zama sunan da ake kiran waƙar farkawa da shi. A Haiti, ƙasar baƙar fata jikokin waɗanda aka kwasa daga Afirka aka bautar, waɗanda suka karɓi 'yancinsu a 1804, masu bi suna da littafin waƙoƙi mai suna Chants d'Espérance, da Faransanci da harshensu na Kiriyol, kuma akwai irin waƙoƙin nan a ciki. Haka nan da yawa cikin waɗanda muke rerawa da Hausa an juyo su ne daga Turanci.

Moody ya rasu a 1899. A 1902 gobara ta cinye rubutun da Sankey ya tara na tarihin waƙoƙi, a 1903 kuma ya makance. Sai ya sāke faɗin labaran daga ƙwaƙwalwarsa ana rubutawa, littafin ya fito a 1906. Ya rasu a Brooklyn a watan Agusta na 1908.

To, 'yan'uwa, ku da ke noman rani a Kura da Bunkure da Kadawa kun san aikin magudanar da ke kawo ruwa daga madatsar Tiga. Amfaninta shi ne ruwa ya isa gonar shinkafa da tumatir. Idan ta toshe, shuka ta bushe. Haka waƙar mai bi take: aikinta ta kai maganar Allah zuwa zuciyar mai ji. Domin wannan, wanda Allah ya ba shi murya, ya riƙe ta amana. Ku koyi ma'anar abin da kuke rerawa, ku furta shi sarai. Sa'ad da kuka fita wa'azi ƙauyuka da waƙa, ku nemi izinin mai gari, kada ku yi habaici ga maƙwabta masu wani addini. Kada ku yi gasa domin yabo, kada kuwa ku mai da waƙar Allah abin roƙo. Wanda ba shi da murya, kada ya ji kunya. Moody bai iya waƙa ba, amma Ubangiji ya yi aiki da shi.

Allah ya sa zamanmu ya yi daidai da abin da bakinmu ke rerawa. Amin.