Sir Arthur Coningham, Mutumin Da Ya Fara Kawo Jirgin Sama Kano

A yau a Kaduna, tun daga Kawo har Mahuta a ƙetaren kogi, rugugin jirgin sama ba ya sa kowa ɗaga kai sai ko yara. Garin yana da sansanin mayaƙan sama, ga kuma makarantar koyon tuƙin jirage a Zariya wadda aka kafa cikin 1964. Amma kafin watan Nuwamba na 1925 ba a san jirgin sama a ƙasar nan ba sai a labari. Mutumin da ya jagoranci jiragen farko zuwa Kano shi ne Arthur Coningham, wanda daga baya ya shugabanci matuƙa jiragen jefa bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu, sa'an nan ya ɓace a teku, ba a ga ko gawarsa ba.

An haife shi ran 19 ga Janairu, 1895, a birnin Brisbane na ƙasar Ostareliya. Mahaifinsa shahararren ɗan wasan kurket ne, amma wata shari'a da ya ɗaura wa wani limamin Katolika ta juye masa, aka gane neman kuɗi yake yi ta hanyar ƙazafi. Kunyar wannan al'amari ta sa ya kwashe iyalinsa zuwa ƙasar Niyu Zilan. A can ma bai shiryu ba, har ya yi zaman kurkuku saboda zamba, auren kuma ya mutu cikin 1912. A irin wannan gida yaron ya tashi. Ya yi karatu a Kwalejin Wellington, inda ya fi yin fice wajen wasanni da harbi a kan karatun littafi.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke cikin 1914, sai ya shiga soja. Ya yi aiki a tsibirin Samowa da kuma Masar, amma zazzaɓin taifot ya kwantar da shi, aka sallame shi cikin 1916 a kan ba shi da lafiyar ci gaba. Da wani ne, da ya ce iyakar rabonsa ke nan. Shi kuwa sai ya biya wa kansa kuɗin jirgin ruwa zuwa Ingila, ya nemi shiga ƙungiyar mayaƙan sama, aka karɓe shi. Kafin ƙarshen shekarar yana Faransa yana tuƙa jirgin yaƙi. An ji masa rauni sau biyu, ya sami lambobin jaruntaka uku, ya kuma shugabanci ƙungiyar jirage ta 92 yana ɗan shekara 23. Abokan aikinsa sun laƙaba masa sunan Maori, watau ƙabilar asali ta Niyu Zilan, bakin mutane ya mai da shi Mary, kuma da wannan laƙabi aka san shi har ƙarshen ransa.

Bayan yaƙi ya zauna cikin rundunar mayaƙan sama ta Ingila, wadda ake kira RAF. Cikin 1922 aka tura shi Iraƙi, inda Turawa ke amfani da jirage wajen jefa bama-bamai a kan ƙabilun da suka ƙi bin mulkinsu. Wannan shafi ne na tarihinsa da bai kamata a tsallake ba, domin jirgin da ya zama abin kallo a wani wuri ya riga ya zama abin kuka a wani.

Daga Masar Zuwa Kano

Cikin 1925, yana aiki a hedkwatar rundunar a Alƙahira, aka ɗora masa jagorancin jirage uku na ƙungiya ta 47 zuwa Nijeriya. Manufar ita ce a gwada injuna da na'urorin neman hanya a doguwar tafiya, a kuma nuna cewa ana iya ratsa Afirka ta sama daga gabas zuwa yamma.

Jiragen samfurin DH.9A ne, waɗanda aka ƙera a ƙarshen yaƙin farko don jefa bama-bamai. Kowane yana da fikafikai hawa biyu da inji guda mai ƙarfin doki 400, ƙirar Amurka. Gangar jikinsa katako ne da zane da wayoyi. Mutum biyu yake ɗauka, kuma ba rufi a kansu, rana ta doke su, ƙura ta tule su.

Sun tashi daga Helwan, kudu da Alƙahira, ran 27 ga Oktoba. Suka bi Kogin Nilu zuwa Kartum, sa'an nan suka juya yamma ta Kurdufan da Darfur da ƙasar Cadi, suka shigo ta Barno. Kusan ita ce hanyar da alhazan ƙasar Hausa ke bi a ƙasa da jakuna da raƙuma, wasu su shekara, wasu su shekara goma kafin su dawo. Ran 1 ga Nuwamba, 1925, zamanin Sarkin Kano Usman na Biyu, jiragen uku suka sauka a filin wasan dawaki na Kano, da yake a lokacin babu filin jirgin sama. Shekara goma sha huɗu ke nan da isowar jirgin ƙasa garin.

Sun bar Kano ran 12 ga wata, suka koma Helwan ran 19. Cikin kwana 24 sun yi awa 80 a sama, suka ci kimanin mil 6,500 bisa lissafin Coningham, kuma ba su rasa jirgi ko mutum ba. Saboda haka aka ba shi lambar yabo ta mayaƙan sama. Cikin 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Kartum da Kano bisa wannan tafarki.

Shugaban Masu Tashin Dare

Daga nan ya yi koyarwa a makarantun rundunar, ya yi aure cikin 1932, ya kuma riƙe shugabancin mayaƙan sama a Sudan. Ana gab da Yaƙin Duniya na Biyu, cikin Yuli 1939, aka ba shi Runduna ta 4 ta jiragen jefa bama-bamai a yankin Yorkshire. Ita ce aka keɓe don aikin dare, da jirage samfurin Whitley masu inji biyu da ma'aikata biyar.

A daren farko na yaƙin, ran 3 ga Satumba, jiragensa suka shiga sararin Jamus, amma takardun farfaganda suka zubar, ba bama-bamai ba. Cikin Yuni 1940, da Italiya ta shiga yaƙi, suka tsallake duwatsun Alps suka kai hari arewacinta. Aiki ne na azaba. Samari ne, yawancinsu ba su daɗe da cika shekara ashirin ba, suna yin awoyi da dama cikin duhu da sanyin da ke daskarar da ruwa a fikafikai, suna neman hanya da taurari da agogo. Wani bincike da aka yi cikin Agusta 1941 ya nuna cewa, cikin jiragen da suka ce sun kai hari, ɗaya cikin uku ne kawai ya je tsakanin mil biyar da inda aka nufa.

Kafin yaƙin ya ƙare, cikin mutum kimanin 125,000 da suka tashi a jiragen jefa bama-bamai na Ingila, 55,573 sun halaka. Ba Ingilishi kaɗai ba ne. Akwai 'yan Kanada da Ostareliya da Niyu Zilan da tsibiran Karibiyan da Afirka ta Yamma. Wani ɗan Nijeriya, Akin Shenbanjo, ya yi aikin rediyo a jirgin Halifax na ƙungiya ta 76, cikin wannan Runduna ta 4 bayan Coningham ya bar ta, har ya sami lambar jaruntaka. A ƙasa kuwa, dubban ɗaruruwan Jamusawa farar hula, mata da yara da tsofaffi, sun mutu a biranen da aka ƙone. Nauyin wannan ɓarna na daga cikin abin da ya sa aka daɗe ana ɗari-ɗari da tunawa da matuƙan. Sai cikin 2012 Sarauniya Elizabeth ta buɗe ginin tunawa da su a London.

Hanyar Kano Ta Yi Rana

Cikin Yuli 1941 aka mai da shi Masar ya shugabanci mayaƙan sama na hamada, inda ake gwabzawa da Janar Rommel na Jamus. A nan ne tafiyar 1925 ta biya shi. Tekun Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Ingila, saboda haka tun Satumba 1940 aka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi a Gwalkwas, watau Ghana ta yanzu. A can ake harhaɗa su, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, su ratsa Cadi, wadda gwamnanta Félix Éboué ya bi bayan Janar de Gaulle, su isa Kartum, su gangara Masar. Tafiyar ta ɗara mil 3,600, ga hazo, ga rairayi mai cin inji. Daga Kano zuwa gabas, sawun Coningham suke bi. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta wannan hanya. Jama'ar Nijeriya kuma sun tara gudummawar sayen jirage, har aka sa wa ƙungiya ta 91 sunan ƙasar.

A hamada ya kafa tsarin da ya sa ake ambatonsa a makarantun soja. Da can ana rarraba jirage ga rundunonin ƙasa, kowane kwamanda da nasa 'yan kaɗan. Shi ya nace a tara su a hannu ɗaya, a fara ƙwace sararin sama daga abokan gaba, sa'an nan a auka wa inda ake bukata gaba ɗaya, domin tsintsiya sai a ɗaure take shara. Ya kafa zangonsa kusa da na kwamandan sojan ƙasa don su riƙa shawara kullum. Tsarin ya kare sojan Ingila sa'ad da suke ja da baya cikin Yuni 1942, ya kuma taimaka wajen nasarar El Alamein a ƙarshen shekarar, aka ba shi muƙamin Sir. Amurkawa ma sun ɗauki tsarin cikin 1943.

Duk da haka ba a rasa tabo ba. Shi da Janar Montgomery sun ɓata, domin yana ganin janar ɗin ya haɗiye yabon nasara shi kaɗai, yana kuma jan ƙafa wajen bin abokan gaba. Wannan gaba ta bi su har Faransa cikin 1944, inda Coningham ya shugabanci jiragen da suka tallafa wa sojan Ingila da Kanada tun daga saukar Normandy ran 6 ga Yuni har faɗuwar Jamus.

Ƙarshensa

Ya yi ritaya cikin 1947. A ƙarshen Janairu 1948 ya shiga wani jirgin fasinja mai suna Star Tiger. Da asubahin ran 30 ga wata, tsakanin tsibiran Azores da Bermuda a Tekun Atlantika, aka daina jin ɗuriyar jirgin. Mutum 31 ke ciki. An yi kwanaki ana nema, ba a sami ko ɓallin katako ba. Yana da shekara 53. A ranar ce aka harbe Mahatma Gandhi a Indiya, a ranar kuma Orville Wright, ɗaya daga cikin 'yan'uwa biyu da suka fara tashi a jirgi mai inji, ya mutu a Amurka.

Masu sha'awar tsofaffin jirage kan je gidan tarihin RAF a London su ga DH.9A guda da ya rage, ɗan'uwan waɗanda suka sauka Kano. Whitley kuwa ba ko ɗaya da ya saura cikakke. Cikin 2025 saukar Kano ta cika shekara ɗari. Coningham bawan daular Ingila ne, don amfaninta ya zo, ba don namu ba. Amma hanyar da ya buɗe ta mai da Kano mashigar sama ta Arewa, ita ce kuma ta rage wa alhazai tafiyar shekaru zuwa ta awoyi. Ya kamata ɗalibanmu su san wannan tarihi da daɗinsa da ɗacinsa, hukumomi kuma su kula da adana hotuna da takardu da tsofaffin jiragen da ke hannunmu tun kafin gara da tsatsa su riga mu.