Malam Aminu Kano (1920–1983): Malamin Makaranta da Ya Ja da Siyasar Kuɗi

1.0 Gabatarwa

Duk inda ake zaɓe ana kashe kuɗi, domin sai an buga takardu, an ɗauki motoci, an shirya taruka. Abin da ke ɓata zaɓe shi ne kuɗin ya fito daga hannun mutane ƙalilan, ko kuma ya shigo ta hanyar da jama'a ba su sani ba. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ɗan takarar da attajiri ya ɗauki nauyinsa a ɓoye, attajirin zai fara saurara kafin ya saurari masu ƙuri'a. Tarihin Malam Aminu Kano misali ne na mutumin da ya shafe shekara talatin da uku yana ƙoƙarin gina siyasa a kan gudummawar talakawa, ya ga amfanin hakan, ya kuma ɗanɗana wahalarsa.

1.1 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Malam Aminu a birnin Kano ranar 9 ga watan Agusta na shekarar 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malami ne daga zuriyar Gyanawa, wadda ta shahara da ilimin shari'a, kuma ya yi aiki a kotun alƙali. Saboda haka Malam Aminu ya buɗe ido ne a gidan karatu, ya fara da Alƙur'ani da littattafan addini kafin a sa shi makarantar boko. Ya yi makarantar Shahuci da Midil ta Kano, daga nan ya wuce Kwalejin Kaduna, inda ya kammala a shekarar 1942.

1.2 Aikin Koyarwa

Aikin farko da ya kama shi ne koyarwa a makarantar Midil ta Bauchi. A can ne ya zauna da Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Balewa, kuma a irin tattaunawar da suke yi ne ya fara sukar yadda hukumar En'e ke tafiyar da al'amuran talakawa. A shekarar 1946 ya tafi Ingila ƙaro ilimin koyarwa a Jami'ar Landan. Da ya dawo ya tsaya wajen kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa. Daga baya aka mayar da shi kwalejin horar da malamai ta Maru a Lardin Sakkwato, lardin da a wancan lokaci ya haɗa har da ƙasar Gwandu, inda garuruwan Jega da Aliero da Maiyama suke. A shekarar 1950 ya ajiye aikin gwamnati, ya bar albashin da ke hannu ya rungumi siyasar da ba ta da tabbacin ko sisin kwabo.

1.3 Jam'iyyar NEPU da Asusun Talakawa

An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma a shekarar 1953 Malam Aminu ya zama shugabanta. Alamarta tauraro ce, takenta kuwa sawaba. Mabiyanta mafi yawa ƙananan 'yan kasuwa ne da teloli da mahauta da maƙera da malaman zaure da manoma, har da mata irin su Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya. Abin da jam'iyyar ke samu na kanta yana fitowa ne daga sayar da katin zama ɗan jam'iyya da karo-karon da mabiya ke yi.

Babbar abokiyar hamayyarta, wato NPC mai alamar fartanya, tana da abin da NEPU ba ta da shi. Tana da goyon bayan sarakuna da ma'aikatan En'e, tana kuma da manyan attajirai. Wannan haɗi ba abin mamaki ba ne, domin a wancan zamani ɗan kasuwan da ke neman lasisin sayen gyaɗa ko auduga, ko kwangila, ko rance daga hukuma, ya san ɓangaren da zai bi idan yana son buƙatarsa ta biya. Ta haka arziki da mulki suka riƙa tallafar juna.

Zaɓuɓɓukan farko sun nuna ƙarfin wannan haɗi. A shekarar 1951 zaɓe hawa-hawa aka yi. NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma da aka zo matakin ƙarshe, inda hukumar En'e ke da ikon shigo da nata mutanen, sai jam'iyyar ta tashi ba kujera. A zaɓen tarayya na 1954 Malam Aminu ya sha kaye a hannun Malam Maitama Sule. A zaɓen majalisar Jihar Arewa na 1956 kuma Alhaji Ahmadu Ɗantata, ɗan fitaccen attajirin nan Alhaji Alhassan Ɗantata, shi ya kayar da shi. Sai a shekarar 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai da ke Ikko.

1.4 Tarkon Rashin Kuɗi

Bai kamata a ɗauka cewa NEPU ta kuɓuta gaba ɗaya daga matsalar kuɗi ba. Taro-sisin talakawa bai isa ya sayi motocin yawon kamfe ko ya biya lauyoyin da za su kare mabiyan da ake ɗaurewa a kotunan alƙalai ba. Don haka jam'iyyar ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe, ta kuma riƙa samun tallafi daga gare ta. Abokan hamayya sun yi amfani da wannan wajen yayata cewa 'yan NEPU 'yan amshin shatan mutanen Kudu ne, abin da ya rage mata farin jini a wurare da dama. Wannan darasi ne mai ɗaci: jam'iyyar da ba ta da abin hannu ko dai ta kasa motsi, ko ta jingina da wani, jinginar kuma ta zama abin gori.

A daidai wannan lokaci asirin kuɗin manyan jam'iyyu ya fara tonuwa. A shekarar 1956 kwamitin bincike na Foster-Sutton ya bi diddigin yadda aka zuba kuɗin gwamnatin Jihar Gabas a wani banki da Azikiwe ke da hannu a cikinsa. A zaɓen 1959 jam'iyyar AG ta zagaya Arewa da jirage masu saukar ungulu, abin da talakawa da yawa ba su taɓa gani ba. Bayan shekara uku, wato a 1962, kwamitin Coker ya gano cewa an karkatar da maƙudan kuɗin hukumar cinikin amfanin gona ta Jihar Yamma, ta hannun wani kamfani, zuwa hidimomin jam'iyyar. Ma'ana, gumin manoman koko ne aka yi kamfe da shi ba tare da saninsu ba.

1.5 Jam'iyyar PRP da Jamhuriya ta Biyu

Bayan rushewar Jamhuriya ta Farko a 1966, Malam Aminu ya riƙe muƙamin Kwamishinan Tarayya a gwamnatin Janar Yakubu Gowon, na sadarwa daga 1967, sannan na lafiya daga 1971 zuwa 1974. Waɗannan ma'aikatu ne da manyan kwangiloli ke bi ta cikinsu, amma ya sauka bai zama attajiri ba.

Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, ya jagoranci kafa jam'iyyar PRP mai alamar mabuɗi. A lokacin kuɗin man fetur ya cika ƙasa, 'yan kwangila kuma sun zama masu faɗa a ji a cikin jam'iyyu. Tsarin mulki na 1979 ya hana kowace irin ƙungiya da ba jam'iyyar siyasa ba ta ba da gudummawa ga asusun jam'iyya ko kamfen ɗin ɗan takara, sai dai dokar ta fi ƙarfi a takarda. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta nemi hana Malam Aminu tsayawa takarar shugaban ƙasa a kan batun takardar haraji, amma kotu ta wanke shi. Ya samu kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙuri'un da aka jefa, jam'iyyarsa kuma ta ci kujerun gwamna biyu: Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi a Kano, da Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna. Gwamnatocin biyu sun soke haraji da jangali, buƙatar da 'yan sawaba suka daɗe suna fafutuka a kanta. Daga baya jam'iyyar ta rabu gida biyu, Santsi da Taɓo, abin da ya raunana ta ƙwarai.

1.6 Rasuwarsa da Abin da Ya Bari

Allah ya yi wa Malam Aminu rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983, yana shirin shiga zaɓen wannan shekara. An binne shi a gidansa na unguwar Gwammaja, gidan da aka fi sani da Mambayya. Bai bar kamfanoni ko rukunin gidajen haya ba. Wata takwas bayan rasuwarsa sojoji suka hamɓarar da gwamnatin farar hula, kuma cikin laifuffukan da kotunan soja suka ɗaure wasu gwamnoni a kansu har da karkatar da kuɗin kwangila zuwa asusun jam'iyyunsu.

An sa wa filin jirgin sama na Kano da asibitin koyarwa na birnin sunansa. Gidan Mambayya kuwa Jami'ar Bayero ta mayar da shi cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. Farfesa Attahiru Muhammad Jega, ɗan asalin garin Jega a Jihar Kebbi, ya shugabanci wannan cibiya daga 2000 zuwa 2004, daga baya kuma ya riƙe hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, daga 2010 zuwa 2015.

1.7 Kammalawa

Matsalar da Malam Aminu ya yi fama da ita ba ta kau da rasuwarsa ba. Dokar Zaɓe ta 2010 ta ƙayyade wa ɗan takarar shugaban ƙasa kashe naira biliyan 1, ta 2022 ta ɗaga adadin zuwa biliyan 5, ta kuma ɗaga iyakar gudummawar mutum ɗaya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 50. Amma doka ba ta iya ƙirga kuɗin da aka miƙa a ɓoye. Abin da ya rage shi ne wayewar kan mai jefa ƙuri'a, wayewar kai kuwa a aji take farawa. Malamin da zai koyar a Jega ko Aliero ko Maiyama, 'ya'yan manoman albasa da shinkafa da gero zai tarar a gabansa, kuma nan da 'yan shekaru su ne za a zo wa da taliya da sabulu da 'yan kuɗi a jajibirin zaɓe. Idan ya koya musu su riƙa tambayar daga ina kuɗin ya fito, kuma me mai shi yake jira a biya shi da shi, to ya ɗora daga inda wancan malamin na Maru ya tsaya.