Henry Deringer: Maƙerin da sunansa ya zama sunan bindiga

An haifi Henry Deringer a ranar 26 ga Oktoban 1786 a garin Easton da ke jihar Pennsylvania ta Amurka. Mahaifinsa maƙerin bindiga ne ɗan asalin Jamus, don haka a maƙera ya buɗe ido. Ya koyi sana'a a Richmond, kafin ya kafa tasa maƙerar a Filadelfiya a 1806, inda ya shafe shekaru yana ƙera wa gwamnatin Amurka dogayen bindigogi.

Sai dai abin da ya fito da sunansa bai kai tsawon tafin hannu da yatsu ba. Wata ƙaramar bindiga ce da ake sakawa a aljihu, mai gajeren bututu da faɗin baki. Ta baki ake ɗura mata albarushi da dalma, kamar bindigar toka da mafarautan Nasarawa suka sani, kuma harbi ɗaya take yi. Idan aka kuskure, sai an sake ɗuri, shi ya sa aka fi sayar da ita biyu-biyu. Ba ta da amfani daga nesa. An yi ta ne domin mutumin da ke tsaye gabanka, kuma masu haƙar zinariya da 'yan caca na Kalifoniya sun yi rububinta.

Deringer ya yi sakaci ɗaya da ya ci masa tuwo a ƙwarya: bai yi wa ƙirar rajistar mallaka ba. Maƙera da dama suka riƙa kwaikwayonta, wasu har da buga sunansa a jikin ƙarfen, wasu kuma suka ƙara harafin r guda domin kauce wa shari'a. Ya maka wani dillali na San Francisco, A. J. Plate, a kotu kan amfani da tambarinsa, kuma shari'ar ta kai Kotun Ƙolin Kalifoniya, wadda ta ba shi gaskiya. Abin mamaki, rubutun na masu kwaikwayo, derringer, shi ne ya zauna a Turanci a matsayin sunan duk wata bindigar aljihu.

A daren 14 ga Afrilun 1865, John Wilkes Booth ya shiga gidan wasan kwaikwayo na Ford a Washington, ya harbi Shugaba Abraham Lincoln a ƙeya da ɗaya daga cikin bindigogin Deringer. Lincoln ya rasu washegari da safe. Maƙerin, wanda ya kusa shekara 80, ba shi da hannu a kisan, amma daga ranar sunansa ya manne da shi.

A lokacin ma zamani ya fara wuce ƙirarsa, domin harsashi mai kwanson ƙarfe ya shigo, kuma a 1866 kamfanin Remington ya fitar da tasa mai baki biyu. Deringer ya rasu a Filadelfiya ranar 28 ga Fabrairun 1868, ba a jima ba kuma aka daina ƙera bindigarsa. Wadda Booth ya yar a wurin kisan tana ajiye a gidan tarihi na Ford har yau.