Taƙaitaccen Tarihin James David Forbes (1809–1868)

Mu mutanen Shira da Azare mun san zafi, amma ƙanƙara sai wadda take faɗowa da damina ko ta firji. Duk da haka, na zaɓi in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai tarihin masanin da ya ƙare rayuwarsa yana auna waɗannan abubuwa biyu, domin akwai darasi a ciki ga mai nazarin harshe.

An haifi Forbes a birnin Edinbura na ƙasar Sikotlan ranar 20 ga Afrilu, 1809. Mahaifiyarsa ta rasu tun yana ƙarami ƙwarai. Ya shiga Jami'ar Edinbura a 1825, a 1833 kuma ya zama farfesan fiziks a can, bai ma kai shekara 25 ba.

Ya fara da binciken zafi. Ya nuna cewa zafin da ke fitowa daga abu mai ɗumi yana da ɗabi'u irin na haske, aka ba shi lambar yabo ta Rumford a 1838. Haka kuma ya binne ma'aunan zafi a ƙasa a wurare uku a Edinbura, ya yi shekaru yana duba su. Ya ga cewa iya zurfin wuri, iya jinkirin da zafin sama ke yi kafin ya isa, ƙarfinsa kuma yana raguwa. Wannan ne dalilin da ya sa ruwan rijiya mai zurfi yake da sanyi da bazara, da hunturu kuwa a ji shi da ɗumi.

Daga nan sai ya koma kan kogin ƙanƙara, wato tarin ƙanƙarar da ke gangarowa a hankali daga manyan duwatsu. A 1842 ya je Mer de Glace, kusa da Chamonix a duwatsun Alps, ya kafa alamomi yana aunawa kullum. Ya tabbatar da cewa ƙanƙarar tana tafiya dare da rana, tsakiyarta kuma ta fi gefenta sauri, kamar dai ruwan kogi. Don haka ya ce tana malala ne tamkar zuma a gangare. Ya bayyana wannan a littafinsa na 1843. Masana irin su John Tyndall sun yi jayayya da bayaninsa, amma a yau an yarda cewa ƙanƙara tana malala saboda nauyinta.

A 1859 ya zama shugaban kwaleji a Jami'ar St Andrews. Ya rasu a Clifton ta Ingila ranar 31 ga Disamba, 1868, bayan doguwar jinya. Cikin ɗalibansa akwai shahararren masani James Clerk Maxwell.

A ganina, darasin shi ne gani ya kori ji. Mai son yin rubutu kan Guddiranci, karin harshen ƙasar Katagum, kada ya tsaya ga abin da ya kwafo daga kundin wani. Ya shiga kasuwa da ƙauye, ya saurara, ya rubuta, gobe ya sake komawa, sannan ya yanke hukunci.