Henri Wikam da Irin Itacen Roba

Ba yaron makarantar da bai san roba ba. Da ita ya ke share kuskuren da ya yi da fensir, da ita a ke yin tayar keke da ta mota, da ƙwallo, da takalma. Amma ba kowa ya san asalinta ba. Roba ta ainihi wani farin ruwa ne kamar madara, wanda ke fitowa in an tsaga ɓawon wani itace. Shekaru 150 da suka wuce, itacen nan ba ya tsiro ko'ina a duniya sai cikin kurmin kogin Amazon, a Amurka ta Kudu, yawancinsa kuwa a ƙasar Birazil. Yau galibin robar duniya daga Asiya ta ke fitowa. Wani Bature, Henri Wikam, yana da hannu babba cikin wannan canji, har yanzu kuwa ana gardama a kan abin da ya aikata.

An haifi Wikam a Landan cikin shekarar 1846. Ubansa lauya ne, amma annobar amai da gudawa ta kashe shi tun yaron yana ɗan shekara huɗu, ya bar uwar da ɗawainiyar 'ya'ya. Ta kama sana'ar yi wa mata huluna don su sami abinci. Yaron bai yi nisa da karatu ba, sai dai ya iya zane ƙwarai, kuma zuciyarsa kullum tana kan ƙasashe masu nisa.

Da ya kai shekara ashirin sai ya shiga jirgin ruwa ya tafi Nikaraguwa, ya yi ta harbin tsuntsaye yana tara gashinsu, gama a zamanin nan matan Ingila suna ƙawata hulunansu da gashin tsuntsu. Bai sami wata riba ba. Bayan shekara biyu ya sake fita, ya bi kogin Orinoko, zazzaɓi ya kusa kashe shi a can. A wannan tafiya ya zauna tare da mutanen kurmi, ya ga yadda su ke tsaga itace su kafa ɗan ƙoƙo ya tari ruwan, sa'an nan su ƙyafe shi bisa hayaƙi har ya daskare. Da ya koma gida ya rubuta littafi a kan tafiyarsa, aka buga shi a 1872, da zanen ganyen itacen roba da na ƙwayarsa a ciki.

Kafin littafin ya fito ya riga ya yi aure, ya kwashe matarsa Bayolet, da uwarsa, da 'yan'uwansa, ya kai su wani gari wai shi Santarem, inda kogin Tafajos ke zubawa cikin Amazon. Nufinsa ya yi noman rake da taba ya yi arziki. Gonar ba ta yi albarka ba. Uwarsa ta rasu a can, 'yar'uwarsa ma ta rasu, sauran suka watse, suka bar shi da matarsa cikin talauci.

To, a lokacin nan bukatar roba tana ƙaruwa a Turai. Tun 1839 wani Ba'amurke, Gudiya, ya gano cewa in an dafa ta da farar wuta ba ta narkewa da zafi, ba ta kuma ƙagewa da sanyi. Masu injuna da masu jiragen ƙasa suka shiga nemanta. Hukumomin Ingila ba su ji daɗin a ce abu mai amfani haka yana hannun wata ƙasa ita kaɗai ba. Suka yi shawara su samo irin itacen, su shuka shi a ƙasashe masu zafi da ruwan sama waɗanda su ke mulki a Asiya. Akwai wani babban lambu na gwamnati kusa da Landan, a wani wuri da a ke kira Kiyu, inda a ke tara tsire-tsiren duniya a yi nazarinsu. Shugabansa, Yusufu Huka, ya ga littafin Wikam. Aka aika masa da takarda, aka yi alkawari za a biya shi fam 10 a kan kowace ƙwaya 1,000 da ya kawo.

Aikin ba mai sauƙi ba ne. An riga an gwada aika irin sau da dama, ya lalace a hanya. Ƙwayar roba ta yi kama da ta zurma, da zane-zane a jikinta, sai dai ta fi ta girma, kuma cike ta ke da mai. In ta daɗe kaɗan sai man ya ɓaci, ta mutu. Samunta ma wuya ne, don itatuwan a warwatse su ke cikin kurmi, sai mutum ya yi tafiya kafin ya ga wani. In kwanson ya nuna ya kan fashe da ƙara kamar an harba 'yar bindiga, ya watsa ƙwayoyi uku nesa da gindin uwar, dabbobin daji su cinye.

Da farkon shekarar 1876 Wikam ya hau kwalekwale ya haura kogin Tafajos zuwa wajen wani ƙauye, Boyim, inda itatuwa masu kyau su ke bisa tudu. Shi kaɗai da bai tara ko kashi ɗaya cikin goma ba. Mutanen wurin ne suka san inda kowane itace ya ke, su suka shiga kurmi suka tsinto, waɗansu kuma ya saya a hannun masu fataucin roba. Mata suka saƙa kwanduna, aka jera ƙwayoyin a ciki, ana raba tsakaninsu da busasshen ganyen ayaba don kada su yi zafi su ruɓe. Da aka ƙirga, sun kai 70,000. Ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikin mutanen nan ba, ko da ya ke da saninsu aka yi aikin.

Aka loda kwandunan cikin wani jirgin ruwa mai suna Amazonas. Kafin jirgi ya fita teku dole ya tsaya a Belem, bakin kogi, ma'aikatan kwastan su duba kaya. Da Wikam ya tsufa ya kan ba da labari wai dabara ya yi musu, ya gaya musu waɗansu tsire-tsire ne marasa ƙwari za a kai lambun Sarauniyar Ingila, in an buɗe za su mutu, suka ƙyale shi ya wuce. Kowace shekara labarin ƙara gishiri ya ke yi a bakinsa, gama yana son a ɗauke shi jarumi. Gaskiyar magana ita ce, a lokacin nan Birazil ba ta da wata doka da ta hana fita da irin roba. Ba wanda ya zaci itacen zai yi kyau a wata ƙasa, balle a yi tunanin tsare shi.

Jirgi ya isa Ingila cikin watan Yuni. Ma'aikatan Kiyu suka kwashe furannin da ke cikin wani ɗakin gilashi mai ɗumi, suka shuka ƙwayoyin nan da nan. Ba a yi mako ba suka fara tsirowa. Waɗanda suka tsiro duka ba su kai 3,000 ba, watau kamar huɗu a cikin ɗari, amma sun isa. Cikin watan Agusta aka sa fiye da 1,900 a akwatunan gilashi aka aika da su tsibirin Silon, wanda yanzu a ke kira Siri Lanka. A 1877 aka kai 22 Singafo. Wikam ya karɓi ladansa, wajen fam 700. Ya roƙa a bar shi ya raka dashen zuwa Asiya ya lura da su, aka ƙi.

Daga nan ba abin da ya taɓa ya yi kyau. Ya tafi Ostareliya noman taba da kofi, ya yi hasara. Ya koma Beliz, a Amurka ta Tsakiya, ya yi shari'a da gwamnati a kan fili, aka kayar da shi. Sa'an nan ya ɗauki matarsa zuwa waɗansu 'yan tsibirai kusa da Niyu Gini don ya noma kwakwa. Matar nan ta yi haƙuri da shi fiye da shekara ashirin da biyar, tana binsa daga wannan kurmi zuwa wancan. A tsibiran nan haƙurinta ya ƙare, ta tafi, ba su sake zama tare ba.

Su kuwa itatuwan da ya kawo suna can suna girma ba wanda ya kula da su sosai. Masu gonakin Malaya kofi su ke so. Sai a 1888 aka naɗa wani masani, Henri Ridili, shugaban lambun Singafo. Shi ya gyara hanyar tsaga ɓawon ta yadda za a yi shekaru ana tatsar itace bai mutu ba. Ya yi ta bin manoma yana cusa musu iri a aljihu, har suka riƙa ce masa mahaukaci. A shekarar nan kuma Danlof ya yi tayar keke mai iska. Ba a daɗe ba mota ta fito, ciwo ya kama kofi, kowa ya ruga shuka roba.

Birazil ba ta farga ba, don kuɗi suna ta shigowa. Birnin Manawus, can tsakiyar kurmi, ya cika da attajirai, har suka gina wani gidan wasa na ƙawa da kayan da aka ɗauko daga Turai, aka buɗe shi a 1896. Masu tatsar itacen kam ba su ga arzikin nan ba. Bashi a ke ɗaura musu wanda ba ya biyuwa, a waɗansu wurare kuma aka bautar da mutanen kurmi, da yawa suka hallaka. Amma mai tatsa a kurmi sai ya wuni yana yawo daga itace zuwa itace, na Malaya kuwa itatuwansa a jere su ke kamar kunyar dawa. Don haka robar Asiya ta fi araha nesa. A 1913 ta fi ta Birazil yawa, kuɗin roba ya faɗi, attajiran Manawus suka tsiyace.

Me ya hana mutanen Birazil su ma su yi gonaki? Akwai wani ciwon ganye a Amazon wanda ke kama itacen roba. In itatuwa a warwatse su ke ba ya yi musu ɓarna sosai, amma in an jera su sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙwayoyin Wikam sun tafi ba tare da ciwon ba. Har Henri Fod, mai kamfanin mota, ya kafa babbar gona a bakin kogin Tafajos a 1928, ciwon ya ci ta, ya yi hasarar dukiya mai yawa. Daga zuriyar itatuwan Kiyu ne kuma aka sami waɗanda a ke tatsa a kudancin Nijeriya, wajen Sapele da Benin.

Wikam ya koma Landan tsoho, ba shi da kome. Masu gonakin roba, waɗanda suka yi arziki ta dalilinsa, suka tuna da shi a 1911 suka haɗa masa kuɗi. A 1920 Sarkin Ingila, Joji na Biyar, ya ba shi lambar girma ta Sa. Ya rasu a watan Satumba na 1928, yana da shekara 82.

A Ingila an yaba masa, a Birazil kuwa mutane da yawa ɓarawo su ke kiransa. Bai karya doka ba, tun da ba ta. Birazil ɗin ma kofin da ta shahara da shi ba nata ba ne tun asali, wani hafsan soja ne ya shigo da irinsa a ɓoye daga Giyana ta Faransa a 1727. Haka duniya ta ke a dā, wanda ya iya ɗauka ya ɗauka. Duk da haka akwai abin dubawa. Ƙasa ɗaya ta rasa babbar hanyar samunta, waɗansu suka cika aljihu, ba a nemi yardar kowa ba, mutanen da suka nuna itatuwan kuma ba su sami kome ba sai ɗan abin da aka ba su ran nan.

An daɗe kafin a gyara wannan. A 1992 ƙasashen duniya suka taru a birnin Riyo, cikin Birazil ɗin kanta, fiye da 150 suka sa hannu a wata yarjejeniya ta kiyaye ire-iren halittu. Nijeriya da Nijar suna cikinta. Aka yarda kowace ƙasa ita ke da iko da tsire-tsirenta da dabbobinta. Baƙon da ke son ɗibar iri, ko saiwa, ko ganye, don ya yi bincike ko ciniki, sai ya nemi izni tukuna, ya faɗi abin da zai yi da su, a kuma shirya yadda za a raba amfanin da ya fito. A 2010 aka sake taro a Nagoya, ƙasar Japan, aka bayyana ƙa'idodin filla-filla, aka ƙarfafa cewa sanin da mutanen ƙauye suka gada a kan magunguna da itatuwa shi ma ba a ɗaukarsa kyauta.

Dokar ba ta hana musayar iri ba, gama ba ƙasar da za ta ƙoshi da abin da ya tsiro cikinta kaɗai. Masara da rogo da gyaɗa duk daga Amurka suka zo Afirka. Abin da ta hana shi ne ɗauka ba sallama. Aiki da ita kuwa da wuya, don ƙwaya ƙaramar aba ce, tana shiga aljihu, masu bincike kuma su kan yi kukan takardun izni suna jinkirta musu aiki.

Birazil ta kafa tata doka a 2015. Wanda ya ke so ya aika da irin wani itacen kurmi waje sai ya yi rajista da gwamnati kafin kaya su tashi, in ya ƙi a ci shi tara. Kamfanin da ya yi wani abin sayarwa da shi zai ba da kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ya samu a cinikin, a yi aikin kiyaye kurmi da taimakon mazaunansa. Ita kuwa Birazil, robar da ta ke nomawa ba ta isarta, sai ta sayo ƙari daga Asiya, daga jikokin itatuwan da aka tsinci irinsu a tudun Boyim.