Manassa, Sarkin Yahuda

Cikin dukan sarakunan da suka zauna bisa kursiyin Dauda a Urushalima, babu wanda ya daɗe kamar Manassa. Yana da shekara 12 ya ci sarauta, ya yi shekara 55 yana mulki, ya rasu wajen shekara ta 642 kafin haihuwar Almasihu. Labarinsa yana cikin Sarakuna na 2 sura 21, da Labarbaru na 2 sura 33, littafin da ake kira Tarihi kuma.

Ubansa Hezekiya ne, sunan uwarsa Hefziba. Hezekiya kuwa mai tsoron Allah ne ƙwarai. Shi ya rushe masujadai na kan tuddai, ya tsarkake haikali, a zamaninsa kuma Ubangiji ya ceci Urushalima daga hannun Sennakerib sarkin Assuriya a shekara ta 701. Yaron ya tashi a gidan da ake ba da wannan labari safe da maraice. Duk da haka da ya sami iko sai ya shiga gina abin da ubansa ya rushe. Iyaye su lura, gama bangaskiya ba gona ba ce da za a raba wa 'ya'ya ran gado.

Ya gina wa Ba'al bagadai kamar yadda Ahab ya yi a Isra'ila. Ya yi sujada ga rana da wata da taurari, har ya kafa musu bagadai a farfajiya biyu na haikali. Ya tara bokaye da masu duba da masu kiran matattu. Ya ƙona ɗan cikinsa hadaya a kwarin Hinnom. Sa'an nan ya sassaƙa siffar gunkiya Ashera, ya kai ta cikin ɗakin da Sulemanu ya gina domin sunan Ubangiji. Ba a ce ya rufe haikali ba. Ƙofa tana buɗe, mutane suna shiga da fita, sai dai an sa wa Ubangiji abokan zama a gidansa. Irin wannan tsafi ya fi wuyar ganewa, domin mai yinsa yana iya rantsewa bai bar Allah ba, ƙari kawai ya yi. Mutumin da ya zo sujada ran Lahadi da laya ɗaure a kwankwaso ya san wannan hanya.

Me ya kai shi ga haka? Yahuda ƙaramar ƙasa ce a ƙarƙashin Assuriya, Samariya kuwa ta riga ta faɗi tun shekara ta 722. An tono rubuce-rubucen sarakunan Assuriya inda sunan Manassa ya fito. Esar-haddon ya lissafta shi cikin sarakuna 22 waɗanda suka kai kayan gini Nineba, Ashurbanifal kuma ya sa shi cikin waɗanda suka taimake shi yaƙi da Masar. Mai yiwuwa ne Manassa ya ga allolin masu ƙarfi su ne abin dogara. Amma Littafi Mai Tsarki bai ba shi wannan hujja ba. Annabawa suka yi masa gargaɗi, ya ƙi ji, ya zub da jinin marasa laifi da yawa a Urushalima. Yahudawan dā suna ba da labari cewa shi ya sa aka tsaga annabi Ishaya da zarto, ko da yake wannan ba a rubuce yake cikin labarinsa ba.

Sai ga sarakunan yaƙin Assuriya, waɗanda ya yi ta biyan su gandu, suka kama shi da ƙugiyoyi, suka ɗaure shi da sarƙoƙin tagulla, suka kai shi Babila. Ba gunki ko ɗaya da ya bi shi. A can cikin ƙunci ya tuna da Allahn kakanninsa, ya ƙasƙantar da kansa ƙwarai, ya yi addu'a. Allah kuwa ya ji, ya komo da shi Urushalima bisa gadon sarautarsa. Abin mamaki ke nan: mutumin da ya ƙona ɗansa, ya ƙazantar da haikali, shi ne aka ji kukansa. Ɗan'uwan da ke cewa zunubinsa ya wuce gafara, bari ya auna nasa da na Manassa.

Tubansa bai tsaya a baki ba. Ya fitar da baƙin alloli da siffar nan daga haikali, ya kwashe bagadan da ya gina ya zubar bayan birni. Ya gyara bagaden Ubangiji, ya miƙa hadayu na salama da na godiya, ya umarci Yahuda su bauta wa Allah na Isra'ila. Ya kuma gina ganuwa mai tsawo daga wajen Gihon har Ƙofar Kifi, ta kewaye Ofel, ya zuba shugabannin yaƙi a birane masu garu.

Amma abin da sarki ya yi shekaru yana koya wa jama'a, umarnin rana ɗaya bai iya fitar da shi daga zukatansu ba. Mutane suka ci gaba da yanka a kan tuddai, ko da yake da sunan Ubangiji suke yi. Da Manassa ya mutu aka bizne shi a lambun gidansa, lambun Uzza. Ɗansa Amon ya gāje shi yana da shekara 22, ya koma ga gumakan da ubansa ya sassaƙa. Ya koyi tsafin uban, bai koyi tawali'unsa ba. Bayan shekara 2 barorinsa suka kashe shi a gidansa.

Nan ne mai karatu zai ga bambanci tsakanin littattafan biyu. Marubucin Sarakuna bai ambaci tuban ba sam, gama shi yana bin sawun abin da ya rushe Urushalima ne a shekara ta 586, ya kuwa ɗora nauyin a kan zunuban Manassa da jinin da ya zubar. Irmiya ma haka ya yi a sura 15. Marubucin Labarbaru kuwa yana rubuta wa waɗanda suka komo daga bauta a Babila, mutanen da suke bukatar su ji an taɓa ɗaure wani a can, ya yi kuka, aka komo da shi. Dukansu biyu gaskiya suka faɗa. An gafarta wa mutumin, ƙasar kuwa ta girbe abin da ya shuka.

Sa'ad da Manassa ya rasu, akwai jikansa a fada, yaro mai wajen shekara 6, sunansa Yosiya. Shi ne ya girma ya farfashe sauran bagadan kakansa, ya watsa ƙurarsu a rafin Kidron. Sunayen su uku, Manassa da Amon da Yosiya, suna jere cikin sura ta fari ta Bisharar Matta, a asalin Yesu Almasihu.