Sarki Alu Maisango da Zamanin Bindigogi Biyu

Aliyu Babba, ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi, ya hau gadon sarautar Kano a 1894, ana tsakiyar Yaƙin Basasa. Laƙabinsa ya samo asali ne daga sango, mashin da ake cusawa a bakin bindigar toka a harba.

Bindigar toka ta yi masa rana a fagagen fama na ƙasar Hausa, amma tana da rauni. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a daka, kafin harbi guda. In albarushin ya yi sanyi sai ta ƙi tashi. Bindigar sojojin Ingila kuwa ta baya ake sa mata harsashi, soja na durƙushe ya sake ɗuri nan take.

Bambancin ya bayyana a 1903. Dakarun Kanar Morland suka fasa Bebeji, kusa da Kura, sannan suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, Sarki yana ƙasar Sakkwato. A Kwatarkwashi ruwan harsashi ya karya dawakin Kano, Waziri Ahmadu ya kwanta dama.

Turawa suka kama Alu, suka kai shi Yola, daga baya Lokoja, inda ya rasu a 1926.